A Wasa, In Ji Sarkin Ruwa

Idan ka sauka bakin kogi a Gaya da hantsi, wajen da mata ke bandar kifi, za ka ga wani ƙaton mutum zaune a kan turmin da aka kife, yana farke cikin tarwaɗa da wuƙa. Siddo ke nan. Ƙirjinsa kamar ƙofar zaure, hancinsa a karye ya karkata gefe guda, kuma ba ya ɗaga kai ya dubi ruwa ko da ana ihu a cikinsa. Mata su zuba masa kifi, ya farke, ya cire hanji, ya tura musu. A bayan idonsa ana kiransa Siddo A-wasa. Ga shawara kyauta, kada ka faɗa a gabansa. Ba don zai doke ka ba, wannan zamanin ya wuce. Ajiye wuƙar kawai zai yi ya tsaya cik yana kallonka, har kai da kanka ka rasa inda za ka sa fuskarka.

Mutumin Tunuga ne. Iyayensa Dandawa, masunta kaka da kakanni, Hausa kuwa a kasuwar Gaya ya tsince ta wajen kai kifi. Su biyu uwarsu ta haifa maza, shi da ƙanensa Seyni, shekara shida a tsakaninsu. Ka gan su tare ka rantse ba ciki ɗaya suka fito ba. Seyni siriri ne, maganarsa ƙasa-ƙasa, mutumin da in ka taka shi, shi zai fara ba ka haƙuri. Siddo kuwa tun yana saurayi ba wanda ya taɓa kai bayansa ƙasa a kokawa, kuma ba wanda ya kai shi iya jefa birgi, komar nan mai dalma a baki da ake wurgawa ta buɗe a sama kamar faifai kafin ta rufe kifi. Duniya kaf mutum ɗaya Siddo ke jin nauyi, shi ne ƙanen nan nasa. Suna yara a bayansa yake goya shi ya ƙetare kogi da iyo.

Ƙasa da Tunuga kaɗan akwai wani gurbi mai zurfi, inda kogi ya yi gwiwa a gindin wata tsohuwar kuka, shi ya sa ake ce masa Gurbin Kuka. Shekara guda cur a rufe yake, ba mai jefa ko ƙugiya. Kifi ya shiga ya yi ƙwai ya yi ƙiba abinsa. Sai bazara ta kankama, ruwa ya ja baya, sannan a buɗe shi rana ɗaya tak. Mutanen Tunuga su zo, mutanen ƙetare na ɓangaren Benin su ma su zo, don gurbin na gaɓa biyu ne tun kafin a san wani abu wai shi iyaka. A da kowa kan kama iya ƙarfinsa. Da kifi ya fara ƙaranci, har mutum ya yini a ruwa ya dawo da abin da bai isa miya ba, dattawan gaɓa biyu suka zauna da ma'aikatan gandun daji suka yanke magana: kowane jirgi kwando biyu, ba ƙari. Sarkin ruwa zai riƙa zagayawa a jirginsa mai moter, wato inji, yana leƙa kwanduna. In ya ga naka sun cika, ya kira sunanka ya ce, “A wasa.” Da Dandanci ma'anarsa ya isa. Kana ji sai ka ɗaga filafilinka na tuƙi sama, alamar kunne ya ji, ka naɗe koma ka nufi gaɓa. Wanda ya sake jefawa bayan kalmar nan, karon farko a yayyanka masa koma. Karo na biyu a jawo jirginsa tudu a sa masa gatari a gaban kowa.

To, Siddo ya daɗe da gano cewa wasa a bakin Bahaushe wani abu ne daban, kuma abin yana ba shi nishaɗi ƙwarai. Shekarar da aka kafa dokar, sarkin ruwa Alassan, dattijo mai farar gemu wanda ya yi abota da ubansu, ya iso kusa da shi ya leƙa kwanduna ya ce, “Siddo, a wasa.” Gogan naka ya juyo da haƙora a waje, ya amsa da Hausa, da ƙarfi yadda gaɓa biyu za su ji.

“To, ranka ya daɗe, tunda wasa ne, bari mu ci gaba da wasanmu.”

Ya sake wurga birgi. Gurbin ya ɗauka da dariya, mata a tudu suna dafe ciki, har shi Alassan sai da ya rufe baki da hannun riga. Ba a yanka komar kowa ba ran nan. Wallahi da an yanka, da an yi masa gata. Dariyar nan ita ta ɓata shi.

Daga nan kalmar ta zama tasa, yana yawo da ita kamar wuƙa a ƙugu. In ya danne mutum a kokawa, mutumin ya ce a wasa, sai ya ce ai wasa ne, ya ƙara murɗe masa wuya. Wata rana a tashar Gaya wani ɗan kabu-kabu ya fantsama masa taɓo da moto, wato babur ɗinsa. Siddo ya fizgo shi ya maka da ƙasa, ya kama hannunsa yana lanƙwasawa ta baya. Sau uku bawan Allah nan ya ce a wasa, sau uku Siddo na ba shi amsar da ya saba, har ƙashi ya ce ƙas. Masu kallo suka watse, wasu ma da dariyarsu, don mutane ba sa rasa abin yi wa dariya in ba nasu hannun ba ne. A gida matarsa Ajuma ta gaya masa gaskiya ba sau ɗaya ba. Ta ce kalmar nan da ita ake raba faɗa, da ita uwa ke janye bulala daga bayan ɗanta, shi kuma ya ɗauke ta ya mai da ita abin shaƙiyanci. Ta ce wanda bai ji bari ba. Ya ƙarasa mata karin maganar da kansa yana kwaikwayon muryarta, ya shuri kwanon tuwo ya fita.

Shekara ta biyu ya maimaita a gurbi, dariyar ta ragu. Shekara ta uku mutanen ƙetare suka ce su fa ba su ga dalilin da za su tsaya a kwando biyu ba alhali wani na cika huɗu yana musu ba'a. Alassan bai da mafita, ya ba da umarni a yanka komar. Wanda aka tura shi ne Rashidu, wani matashin magidanci na ƙetare, mai jiki shi ma. Siddo ya bar shi ya matso, ya bar shi ya miƙo hannu da wuƙa, sannan ya juya filafili ya zabga masa gefensa a baki. Haƙora huɗu suka zuba a ruwa. Rashidu ya bi su, jini na bin gemunsa, sai da mutum biyu suka yi nutso suka ciro shi. Jandarma suka zo da yamma suka tafi da Siddo, ya yi wata shida a gidan kaso na Gaya. Yana can aka fasa jirginsa, jirgin ubansu, don dattawa sun ce jinin Rashidu ya cike karo na biyu. Aka kuma hana shi shiga Gurbin Kuka har abada.

Shekara biyar ya yi a tudu. Lokacin da aka rufe gadar iyaka ta Gaya, kaya suka koma ƙetarewa ta jirage, ya shiga dako a tashar jiragen, buhun albasa biyu a kafaɗa ɗaya. Abinci bai gagare shi ba, amma zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin. Ranar buɗe gurbi ita ce ranar da gidansa ba a motsi. Zai zauna a bayan gari yana jin ganga daga nesa, kamar karen da aka ɗaure ana fiɗa a gabansa, duk abin da ya gilma kusa da shi, akuya ce ko mutum, sai ya sha shuri.

Seyni ne ya kasa jure ganin haka. Shi a shekarun nan ya lallaɓa ya sa kafinta ya yi masa sabon jirgi, ya shafe shi da shuɗin fenti, da shi yake ciyar da matarsa da 'ya'yansa mata uku da tsohuwar uwarsu. Ba shi da gona, ba shi da wata sana'a, jirgin nan shi ne komai nasa. Wata guda yana zuwa ƙofar Alassan kullum bayan la'asar, ya durƙusa, ya ce yayansa ya horu, kifi ba ya rayuwa a tudu, a dubi zumuncin ubansu. Alassan ya ce masa hali zanen dutse ne. Seyni ya koma gobe. Da tsohon ya gaji, ya tara dattawan gaɓa biyu a gindin kukar, ya ce zai yarda Siddo ya shiga a jirgin ƙanensa, amma da sharaɗi: ba karon farko a wannan tafiya. In koma ta taɓa ruwa bayan an faɗi kalma, jirgin Seyni za a fasa. Mutanen ƙetare suka yi ta gunaguni. Rashidu yana cikinsu, giɓin nan nasa a buɗe, ya ce jirgi itace ne kawai, shi haƙoransa ba su tsiro ba.

Seyni ya miƙe ya ce, “Jirgina ne jingina. In bai isa ba, ga wuyana.”

“Mun ji,” in ji Rashidu. “Kuma mun riƙe.”

Da labari ya iso wa Siddo, ya tashi ya nufi gidan Seyni. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba ko a gidan kaso, ganin ƙaramin ƙanensa ya ɗora abincin 'ya'yansa a kan halinsa. Ya kama hannun Seyni ya ce ya ji, kwando biyu, ko ɗan ƙaramin kifi ɗaya ba zai ƙara ba. Kuma kada wani ya ce maka ƙarya yake yi. Har cikin ransa ya yi nufin cikawa. Ya kwana uku yana ɗinkin birgi, yana gyara dalma ɗaya bayan ɗaya, har Ajuma ta ji shi yana waƙa.

Ranar ta zo. Rana na ɓullowa jirage sun fi ɗari sun yi zobe a bakin gurbi, mata da manyan kwanoni sun cika tudu, 'yan kasuwar Gaya sun jera motoci da ƙanƙara a buhuna. Alassan ya yi addu'a, aka doki ganga, ruwa ya kaure. Seyni na baya da filafili, Siddo na tsaye a goshin jirgi, gefen birgi ɗaya a haƙoransa. Kai, ranar an ga jifa. Shekara biyar ba su rage masa komai ba. Ya murɗa ƙugu ya saki, komar ta buɗe ta sauka ba ƙara, ya jawo ta da nauyi, karfasa da kurungu da tarwaɗa na fal-fal a ƙafafunsa. Hawaye na zubo masa bai ma sani ba. Wasu ba su rufe gindin kwando ɗaya ba, nasu biyun sun yi tozo. Nan ne fa matsalar gwani take, tun kafin hantsi ya yi zafi an gama masa ranar da ya jira shekara biyar.

Moter ya matso. Alassan ya leƙa kwanduna, ya kauce wa idon Siddo da gangan, ya dubi mai jirgi ya ce, “Seyni, a wasa.” Seyni ya ɗaga filafili sama nan take, har da murmushi, ya fara juya kan jirgi zuwa gaɓa.

Siddo na tsaye da jiƙaƙƙen birgi a hannu, a shirye, don ya riga ya tattara shi kafin moter ya iso. Da ya zauna a lokacin, da yau ba ka ji wannan labarin ba. Amma bai zauna ba. Jirginsu ya bi ta kusa da na Rashidu, Rashidu ya faɗa wa na kusa da shi, ba da ƙarfi ba, iyakar yadda zai isa kunne, wai ashe kura ma tana jin sanda, dubi yadda ƙaramin yaro ke jan ta da igiya. Aka yi 'yar dariya. Wuyan Siddo ya kumbura. Daidai nan kuma, kamar an aiko shi, ruwa ya murɗa a gefen jirgi, wani baya mai faɗi ya gilma, fari kamar azurfa. Giwan ruwa ne, irin wanda aka shekara goma ba a gani ba a gurbin.

Seyni ya gani, ya kuma ga kafaɗar yayansa ta fara juyawa. Ya ce, “Yaya, don darajar nonon da muka sha.”

Siddo ya ji shi sarai. Daga baya ya sha faɗa cewa ya ji. Hannunsa ne ya riga shi.

Birgi ya buɗe ya rufe. Igiya ta miƙe, jirgi ya karkata har ya sha ruwa, Siddo ya durƙusa ya rungumo kifin ta kunne ya jawo shi ciki, ya danne shi da gwiwa, ya ɗauki kulki ya yi ta sauke masa a ka har ya daina bugun jirgi da wutsiya. Da ya ɗago, jini a ƙirjinsa, ya ga gurbin ya yi tsit. Jirage ɗari, ba mai jifa, kowa shi yake kallo. A nan tsoro ya shige shi, tsoron abin da ya yi, kuma mutum irin Siddo in tsoro ya kama shi baki yake buɗewa. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba ya ce ai wasa aka ce. Ko mutum ɗaya bai taya shi ba. A bayansa Seyni ya ajiye filafili a hankali ya rufe fuska da tafin hannu.

Aka ɗaura igiya a goshin jirgin, moter ya ja su zuwa gindin kuka. Kowa ya bar kifinsa ya biyo. Aka zubar da kwanduna a yashi, aka jawo shuɗin jirgin tudu. Alassan ya sauko da ƙyar, fuskarsa ta yi toka, ya ce doka ce, shi ya kafa ta da bakinsa, a kawo gatari. Rashidu ne ya karɓa, ba wanda ya yi mamaki. Seyni bai yi gardama ba. Ya cire tabarmar sallarsa daga cikin jirgin, ya koma gefe ya tsuguna. Wannan tsugunon shi ya haukata Siddo. Ya ce a fasa kansa shi, a mai da shi kaso, a yanke masa hannun da ya yi jifar, amma kada a taɓa jirgin yaron nan. Ba wanda ya kula shi. Rashidu ya ɗaga gatari.

Siddo ya suri filafili ya kai masa duka da iyakar ƙarfinsa. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Alassan ya shigo tsakani da hannu a sama zai raba, filafilin ya same shi a muƙamuƙi. An ji ƙarar har bakin ruwa. Tsoho ya zube kamar tsumma, bakinsa ya cika da jini, haɓarsa ta goce gefe.

An doki sarkin ruwa. Daga nan ba sauran mutanen Tunuga da na ƙetare, duk suka zama abu ɗaya. Siddo ya kayar da na farko, ya fasa wa na biyu goshi, wani ya sauke masa gora a hanci ya ji ya rushe. Wani mai dabara ya ɗauko birginsa, nasa na kansa, ya wurga masa daga baya. Komar ta buɗe ta rufe shi yadda take rufe kifi. Yana fizga tana ƙara kama shi, dalma na dukan ƙaurinsa, har ya faɗi rub da ciki, hannuwa a naɗe. Ya ga filafilai sun tashi sama, sun fi ashirin, kuma ba alamar kunne ya ji ba ce wannan karon.

Sai ya ji wani abu mara nauyi ya faɗo a bayansa, hannuwa sirara sun rungume masa kai. Seyni ne. Ya kwanta a kansa kamar yadda yake kwanciya suna yara in za a ƙetare kogi.

Duka ya sauka. Siddo na ƙasa yana jin kowanne ta jikin ƙanensa, dim, dim, kamar ana sussuka. Na bayan taro ba su ma san wa ke sama ba, turowa kawai suke suna miƙa filafili ta kan na gaba. Na gaba da suka gani kuwa idonsu ya riga ya rufe, ga shi kuma Seyni da bakinsa ya ce ga wuyansa. Seyni bai yi ihu ba. Numfashinsa kawai ke fita a kunnen Siddo, guntu-guntu, sai wani abu mai ɗumi ya fara gangaro masa a wuya.

Siddo ya buɗe baki, yashi da jini a ciki, ya yi kururuwa da harshen uwarsa, da kalmar da kowane ɗan kogi ya sani tun yana goye.

“A wasa! A wasa! Don Allah, a wasa!”

Karon farko ke nan tun shekarar da aka kafa dokar da ya faɗe ta da ma'anarta. Amma muryar Siddo ce, kuma kowa ya san abin da kalmar ke nufi a bakin Siddo.

“Kun ji ɗan banza,” in ji Rashidu, yawu na fita ta giɓinsa. “Har yanzu wasa yake ce mana!”

Aka ƙara ƙaimi. Yana ƙara faɗa, ana ƙara sauke masa, wato ana ƙara sauke wa Seyni. Mutum ɗaya ne a wurin da zai ce a wasa a tsaya cak, shi kuwa yana kwance a yashi da karyayyen muƙamuƙi, yana motsa baki ba abin da ke fita sai jini. Siddo ya ji hannuwan da ke rungume da kansa sun saki. Ya ji jikin nan mara nauyi ya yi nauyi.

Mata ne suka raba. Ajuma ta kutsa ta tsakanin ƙafafu ta faɗa kansu tana ihu da sunan Seyni, sauran mata suka biyo ta. Da aka ji sunan, hannuwa suka fara sanyi. Aka ja baya. Wasu suka jefar da filafilansu suka tsere, wasu suka tsaya suna salati, kowa na cewa shi bai san shi ba ne. Sai da aka yayyanka birgin da wuƙa kafin a fitar da Siddo. A shuɗin jirgin nan aka kwantar da Seyni da Alassan, moter ya ja su zuwa Gaya. Giwan ruwan kuwa a yashi ya yini, ba wanda ya yarda ya taɓa shi, har ƙudaje suka rufe shi.

Alassan ya warke, amma bai ƙara zagaya gurbi ba. Ya aiko a ce wuya ya biya, a bar jirgin. Jandarma sun kwashi mutum goma sha ɗaya daga gaɓar nan, na ƙetare kuwa suka ɓace a garuruwansu. Siddo ya yi shekara ɗaya da rabi saboda muƙamuƙin tsoho, bai buɗe baki ya kare kansa ba. Da ya fito ya kwashe gidan biyu ya dawo da su Gaya kusa da likita, ya kama aikin farke kifi. Jirgin yana nan kife a tsakar gidan, fentin ya koɗe, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa.

Seyni bai mutu ba. Kwana goma sha tara ya yi bai san inda yake ba, sannan ya farka. Ɓarin jikinsa na dama ya tafi, magana ma ta tafi, Dandanci da Hausa duka. Likita ya ce haka dukan kai ke yi wani lokaci, ya share komai ya bar wa mutum kalma ɗaya, galibi wadda ta fi maƙale masa. Kalmar da ta rage wa Seyni ita ce ta ƙarshe da ta shiga kunnensa. In yana jin yunwa, a wasa. In 'yarsa ta gaishe shi, a wasa. In ciwo ya tashi, in yana son a fitar da shi inuwa, in ya ga abin dariya, duk ita ce, da muryar nan tasa ƙasa-ƙasa.

Da azahar Siddo ke wanke hannu ya bar bakin kogi, don ba ya yarda kowa ya ba ƙanensa abinci sai shi. Zai jingina shi da bango, ya zauna a gabansa da kwanon kunu, ya ɗebo a ludayi ya kai masa baki. Seyni ya haɗiye ya ce, “A wasa.” Hannun Siddo ya tsaya cak a inda yake. Ajuma ta gaji da gaya masa cewa ba ƙoshi yake nufi ba, loma biyu kawai ya yi, yunwa yake ji, a ba shi. Siddo ya san haka. Ya fi kowa sani. Amma sai ya mai da ludayin cikin kwano, ya ɗora hannuwa a gwiwa, ya jira, yana duban idon ƙanensa har ya ga ya buɗe baki da kansa, sannan ya sake ɗebowa. Kowace loma haka. Kunun kan huce tun ba a kai rabi ba, Ajuma ta ɗauka ta ɗumama ta dawo da shi.